Kwamfutar da ta zo gida a madadin garatuti

Mai karatu, in ka taso a Ja'en ko Panshekara ko Dakata, unguwannin ma'aikatan masana'antun Sharaɗa da Challawa da Bompai, ka san abu biyu muke kira kwamfuta a shekarun 2000.

Ta farko jabu ce. Kamfanin Nintendo na Japan ya fito da na'urar wasa ta Famicom a 1983, sai 'yan Taiwan da China suka kwaikwaye ta, wasu har suka maƙala mata allon rubutu don iyaye su ɗauka kayan karatu ne. Iyayenmu kuwa suka hau, suka saya a Sabon Gari. Karatun me? Super Mario muke bugawa, wasan 1985, da Contra, da harbin agwagi, muna manna bakin bindiga a gilashin talabijin don kada mu kuskure. Kaset ɗin rawaya ya yi alƙawarin wasanni dubbai, ka duba ka tarar 'yan ƙalilan ne aka yi ta maimaitawa. In ya ƙi tashi a hura masa iska. In NEPA ta kawo wuta da ƙarfi adafta ta ƙone, sai kuka.

Ta biyun ita ce ta gaske, kuma ta hanyar baƙin ciki ta shigo gidanmu. Tun tsarin SAP na Babangida a 1986 masana'antun Kano ke tangal-tangal: Naira ta faɗi, wuta babu, daga baya yadin China ya cika Kantin Kwari, masaƙu da majemu suka yi ta rufewa. Da aka rufe inda Baba ke aikin akawu a Sharaɗa, haƙƙinsa bai fito ba. Wata tsohuwar Pentium ta ofis aka ce ya ɗauka. A bayan ɗan acaɓa ya rungumo ta, Umma ta ɗinka mata riga saboda ƙurar hunturu.

A kanta na koyi riƙe linzami da Solitaire, na mutu ba adadi a Prince of Persia. A ganina da yawa cikin masu tace finafinanmu a yau irin wannan makarantar suka yi, ko da ba sa faɗa.

Wata rana ina lalube na buɗe wani fayil. Ashe jadawalin albashi ne, Baba da kansa ya buga shi. Sunansa na cikin jerin, gurbin watannin ƙarshe kuma babu komai. Ya leƙo ta kafaɗata ya ce, "Rufe wannan, koma wasanka."