Tarihin Gidan Hearst Na Bisa Tudu Da Masaukan Baƙinsa

A wannan fitowa za mu leƙa jihar Kalifoniya ta ƙasar Amurka, mu ga wani gida da ke kan tudu a wani wuri da ake kira San Simeon, tsakanin biranen San Francisco da Los Angeles, yana fuskantar tekun Pasifik. Mai gidan shi ne William Randolph Hearst, attajirin da ya yi suna wajen mallakar jaridu. Mahaifinsa George, wanda ya yi arziki da haƙar ma'adinai, shi ya fara sayen filin a 1865, kuma tun William yana yaro sukan hau tudun nan su kafa tanti su kwana. Da mahaifiyarsa ta rasu a 1919 dukiya ta dawo hannunsa, sai ya nemi wata mai zanen gine-gine, Julia Morgan, ya ce ya gaji da kwanan tanti, ta yi masa ɗan wurin sa haƙarƙari. To, ɗan wurin nan shi aka shekara 28 ana ginawa, har ya kai ɗaki 165.

Abin da zai ba mutum sha'awa shi ne, ba da babban gidan aka fara ba, da masaukan baƙi aka fara. Guda uku ne, kowanne da sunansa cikin harshen Sifaniyanci bisa ga inda ya fuskanta: Casa del Mar mai kallon teku, Casa del Monte mai kallon duwatsu, da Casa del Sol mai kallon faɗuwar rana. Kada ka ji an ce masauki ka ɗauka ɗan ɗaki ne da tabarma, kowannensu cikakken gida ne mai falo da ɗakunan kwana da banɗakuna. A Casa del Mar, wanda ya fi sauran girma, shi kansa maigidan ya zauna da iyalinsa kafin babban gida ya kai a shiga.

Babban gidan, Casa Grande, yana da ɗaki 115, 38 daga ciki na kwana ne, da hasumiya biyu da aka kwaikwayo daga wata majami'a ta garin Ronda a ƙasar Sifen. Hearst mayen sayen kayan tarihi ne. Sai ya sayi rufin tsohon gini sukutum daga Italiya ko Sifen, a kwance shi a kawo ta jirgin ruwa, ita kuwa Morgan ta san yadda za ta yi ɗaki ya dace da shi. Akwai ɗakin karatu mai littattafai wajen 4,000, da ɗakin silima mai kujera 50. Nasa ɓangaren yana hawa na uku, daga nan yake duba jaridunsa yana aika umarni.

Mu da muka san sha'anin saukar baƙo, ga inda za mu tsaya mu duba. Manyan mutane sun sauka a gidan nan, irin su Charlie Chaplin, da Winston Churchill wanda ya zo a 1929. Da rana kowa ya yi abin da ya ga dama, ko hawan doki ko ninƙaya, amma da dare dole kowa ya hallara, domin ɗakin cin abinci ɗaya ne tak, kuma ba a kai wa kowa abinci ɗakinsa. Giya ma an taƙaita ta. A kan dogon teburin, kusa da kayan azurfa na da, sai ka ga kwalbar miyar tumatir irin ta kanti da hankicin takarda, wai don a tuna da zaman tanti. Maigida yakan zauna a tsakiya, Marion Davies 'yar wasan silima da yake tare da ita tana fuskantarsa. Sabon baƙo kusa da su ake ajiye shi. Kwanaki na tafiya kujerarsa na matsawa ƙarshen tebur, mai hankali ya san lokacin ɗaure kaya ya yi. A ganina wannan wayo ne, amma da sauran karamci.

Harabar gidan eka 127 ce ta lambuna da matakala da wuraren ninƙaya biyu. Na waje, mai suna Neptune, sau uku ana gina shi ana faɗaɗawa tsakanin 1924 da 1936, yana cin ruwa galan 345,000. A 2014 an kwashe ruwansa saboda yoyo da fari, sai 2018 aka sake cika shi. Na cikin gida kuwa an liƙe shi da ƙananan gilasai shuɗɗa da masu ruwan zinariya. Har gidan namun daji ya yi, da zakuna da raƙuman dawa.

Kuɗi dai suna da iyaka. Wajen 1937 bashi ya yi wa Hearst katutu, aiki ya ja baya, aka shiga rabuwa da dabbobin, ko da yake har yau matafiya kan hangi jikokin jakunan dawansa suna kiwo tare da shanu a gefen hanya. A 1947 ciwon zuciya ya sa ya sauka daga tudun, bai sake komawa ba, ya rasu a 1951. Kamfaninsa ya miƙa gidan ga gwamnatin Kalifoniya a 1957, aka buɗe shi ga jama'a a 1958. Wanda ya sayi tikiti ya zaga ta baya zai ga bangon kankare tsirara, inda magina suka tsaya.