Yadda Aka Karanta Bakin Zaren Gado

A cikin kusan kowace ƙwayar jikin ɗan Adam, wadda ido ba ya riskarta sai da madubin likita, Allah Maɗaukakin Sarki ya ajiye zarurrukan gado 46 da masana ke kira kuromosom, kowanne da baki biyu; kuma waɗannan bakuna, duk da rubutunsu ya fi na ko'ina sauƙi, suna cikin na ƙarshe da aka samu ikon karantawa.

Hermann Muller, wanda ya yi nazarin ƙananan ƙudaje, da Barbara McClintock, wadda ta duƙufa kan masara, su suka fara lura cewa zaren da ya tsinke yakan manne da wani, alhali kuwa bakin asali yana da kariyar da ke hana shi haka, har Muller ya raɗa masa suna telomiya a 1938. Sai a 1988 Robert Moyzis da abokan aikinsa a Amurka suka tabbatar cewa na mutum haruffa shida ne, TTAGGG, ana ta maimaita su ɗaruruwa har dubbai.

To, a wannan maimaici mushkilar take. Na'urorin wancan zamani guntu-guntu suke karanta zaren, sannan a harhaɗa, kamar yadda malami ke jera warƙoƙin littafinsa idan sun warwatse, yana bin kalmar da marubuci ya sa a gindin shafi. Amma in warƙa ɗari duk lafazinsu ɗaya, ina zai gane ta gaba da ta baya? Saboda haka, da aka yi shelar kammala babban aikin karanta gadon ɗan Adam a 2003, kimanin kashi 8 cikin 100 bai karantu ba, galibi tsakiyar zarurrukan da bakunansu.

Da aka samu na'urori masu karanta dogon zare a jere, jama'ar Karen Miga da Adam Phillippy suka kammala kuromosom X daga baki zuwa baki a 2020, suka fitar da cikakken rubutu mai haruffa fiye da biliyan 3 a 2022, sannan Y ya biyo baya a 2023.

Fa'idar wannan ijtihadi ba ƙarama ba ce, domin bakin nan yana raguwa duk sa'ad da ƙwaya ta rabu biyu, ƙwayoyin ciwon daji kuwa suna sabunta nasu don kada su daina yaɗuwa. Lalle shekara 84 da aka yi, daga 1938 zuwa 2022, ana bin wannan mas'ala ba su tafi a banza ba.