Gonar Rumawa a Ma'aunin Masu Safiyo na Amurka

Rumawan dā da mutanen Amurka sun yi tarayya cikin al'ada guda, watau yanka ƙasa murabba'i-murabba'i kafin a raba ta ga manoma. Wannan kama ita ta sa a kan juya awon Rumawa zuwa eka da mil ba tare da wani dogon tunani ba. Lissafin ba shi da wuya, amma akwai wuraren da ya kan ruɗi mai karatu, su ne kuwa ya kamata malamin tarihi ya lura da su.

Tushen awon Rumawa ƙafa ne, tasu kuwa ta gaza ta Ingilishi kaɗan, gama wajen santimita 29.6 ce, ta Ingilishi kuwa 30.48. Ƙafa 120 ita ce aktus, watau tsawon kunyar da shanu ke ja kafin a tsaya su huta. Fili mai aktus 2 a tsawo da 1 a faɗi shi ne yugerum, ƙafa murabba'i 28,800. Saiwar kalmar ɗaya ce da ta karkiya a Latin, domin gona ce wadda bijimai biyu za su huɗe a yini guda. Yugerum 2 su ne herediyum, watau gonar gado, wadda Varro ya ce Romulus ya ba kowane magidanci. Herediyum 100 su ne kenturiya, murabba'i mai aktus 20 a kowane gefe.

Masu safiyo na Amurka sarƙa suka gada daga Ingila, wadda Edmund Gunter ya tsara a 1620. Tsawonta ƙafa 66 ne, zobe 100. Sarƙa 80 mil ɗaya ke nan, sarƙa murabba'i 10 kuwa eka ɗaya. Da ita aka yi aikin dokar ƙasa ta 1785, wadda ta yanka filayen yamma gunduma-gunduma, kowace mil 6 a kowane gefe, cikinta da sashe 36, kowane sashe eka 640. Thomas Hutchins ne ya soma awon a bakin Kogin Ohio cikin wannan shekara. Eka ita ma asalinta aikin shanu ne na yini guda, sai dai a Ingila a kan auna ta siririya doguwa, sarƙa 1 a faɗi da 10 a tsawo, domin garmarsu mai nauyi ce, juya ta wahala ne.

In an haɗa ma'aunan biyu, aktus ya zama ƙafa 116 da rabi na Ingilishi, watau sarƙa 1.77. Yugerum ya zama eka 0.62, kusan kashi 5 cikin 8. Gefen kenturiya sarƙa 35 ne da 'yan kai, girmanta kuwa wajen eka 125, saboda haka kenturiya 5 ba su cika sashe ɗaya ba. Har kalmomin mil da inci da Hausa ta aro daga Ingilishi, daga Latin suka fito, amma mil ɗin Rumawa taki 1,000 ne, ƙafarsu 5,000, bai kai 5,280 da Ingila ta tsayar a 1593 ba.

Ruɗi na farko shi ne yawan lambobi. Tsawon ƙafar Rumawa daga sandunan awo da gine-ginen da suka saura aka gano shi, su kuwa ba su daidaita sarai ba, akwai saɓanin milimita ɗaya ko biyu tsakaninsu. Wanda ya rubuta yugerum da lambobi shida bayan ɗigo ya yi ado ne kawai. Bambancin da ke tsakanin ƙafar safiyo ta Amurka ta 1893 da ƙafar duniya ta 1959, kashi 2 ne cikin miliyan. An bar amfani da ta safiyo a ƙarshen 2022, a wannan lissafi kuwa ko da ma ba ta canza kome.

Na biyu ya fi wannan haɗari, domin suna ɗaya ba lalle ne awo ɗaya ba. Hyginus, ɗaya daga cikin marubutan awon ƙasa na Rum, ya nuna kenturiyar Cremona yugerum 210 ce, ta Emerita a Sifen kuwa 400. An kuma ambaci ƙafar Drusus wadda a ke awo da ita wajen ƙabilar Tungri, ta fi ta Rum da kashi 1 cikin 8. Wajibi ne a san garin da a ke magana kafin a ɗauki alƙalami.

Sa'an nan ga ma'anar lambar ga mutanen da suka rayu da ita. Fassara yugerum da eka, kamar yadda mai gaggawa zai yi, ƙara wa Barume fiye da rabin gonarsa ne. Herediyum eka ɗaya da kwata ne kacal. Dokar Tiberius Gracchus ta shekara 133 kafin haihuwar Annabi Isa ta hana mutum riƙe fiye da yugerum 500 na ƙasar jama'a, ban da 250 domin kowane ɗa. Wajen eka 311 ke nan, a kan wannan rigima kuwa aka kashe shi. Dokar ba da gonaki ta Amurka ta 1862 ta ba talaka mai neman zama eka 160, watau rubu'in sashe. A awon Rumawa yugerum 257 ne, fiye da rabin iyakar da aka sa wa manyan masu arziki na Rum.