Daga Littafin Haraji Zuwa Aji: Yadda Darasin Rumbun Bayanai Ya Iso Jigawa

Tun kafin a san kwamfuta a Jahun ko Haɗejia, akwai masu aikin adana bayanai. Malamin haraji yana da littafinsa na sunayen magidanta, malamin asibiti yana da katunan marasa lafiya, magatakardan alƙali kuma yana da kundin shari'a. Dukkansu ciwon kansu ɗaya ne: mutumin da aka rubuta Muhammadu a wannan shafi, shi ne Mamman a wancan, shi ne Muhammad a littafin bara. Idan ya bar garinsu aka gyara wuri ɗaya aka manta da sauran, sai littafi ya riƙa musanta kansa. Wannan tsohuwar matsala ce ta haifi fannin da ake kira sarrafa rumbun bayanai.

A farkon shekarun 1960, Charles Bachman ya ƙirƙiro ɗaya daga cikin manhajojin farko na wannan aiki a kamfanin General Electric na Amurka. Bayansa kamfanin IBM ya fito da IMS domin lissafin kayan kumbon Apollo. Sai dai mai neman bayani a cikinsu dole ya san hanyar da zai bi, kamar mai neman gida a lungunan tsohon gari. A 1970 ne Edgar Codd, ɗan Ingila mai aiki da IBM, ya kawo shawarar a zuba bayanai cikin jadawali mai layuka da ginshiƙai, a ba kowane layi lambar da babu mai irinta, kuma a rubuta kowane bayani sau ɗaya tak. A 1974 Donald Chamberlin da Raymond Boyce suka tsara harshen yi wa rumbu tambaya, wanda ya zama SQL. Peter Chen ya kawo hanyar zana taswirar rumbu kafin a gina shi a 1976, manhajar Oracle kuma ta shiga kasuwa a 1979. Har gobe waɗannan su ne tushen manhajar da ake koyarwa.

Darasin farko na wannan fanni yana koya wa ɗalibi gina jadawali da rubuta tambaya. Babban darasi, na ɗaliban ajin ƙarshe da masu digiri na biyu, shi ne ke shiga cikin wuyar aikin. Me zai faru idan mutum biyu suka nemi cire kuɗi daga asusu ɗaya a lokaci guda? Idan aka ɗauke wuta bayan kuɗi ya bar asusun mai aikawa, bai kai ga na mai karɓa ba fa? Ƙa'idar da masanin kwamfuta Jim Gray da abokan aikinsa suka daidaita ita ce, ko dai aikin ya kammala gaba ɗaya, ko a mayar da komai yadda yake. Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban mai POS yana cewa an cire masa kuɗi ba su shiga ba, ya san amfanin wannan babi. Daga nan sai a koyi yadda ake yi wa rumbu fihirisa domin a tsamo suna ɗaya cikin miliyoyi ba tare da duba kowane layi ba, da yadda ake rarraba rumbu a kwamfutoci masu nisa da juna.

A Nijeriya, koyar da kwamfuta ya fara kafuwa ne a Jami'ar Ibadan, inda IBM ta buɗe cibiyar horarwa a 1963. Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta shimfiɗa ƙa'idojin manhajar karatu a 1989, ta sabunta su a 2007, sannan a Disambar 2022 ta fito da sabon tsari da ya bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin ɗari ta cika da abin da ya dace da yankinta.

Lokacin da aka ƙirƙiro Jigawa daga Jihar Kano a ranar 27 ga Agusta, 1991, ba ta da jami'a ko ɗaya. Ɗan Jahun mai son wannan karatu sai ya nufi Jami'ar Bayero ko ta Ahmadu Bello. Ƙofa ta fara buɗewa a zamanin Gwamna Ibrahim Saminu Turaki, wanda ya yi mulki daga 1999 zuwa 2007, da kafa cibiyar Informatics a Kazaure tare da haɗin gwiwar wani kamfanin Singafo. An kafa Jami'ar Tarayya ta Dutse a 2011, sai jami'ar jiha a Kafin Hausa a 2013, wadda ake kira Jami'ar Sule Lamiɗo a yau.

Buƙata ma ta ƙaru. Lambar BVN ta zo a 2014, umarnin haɗa layin waya da lambar NIN ya biyo baya a Disambar 2020, dokar kare bayanan jama'a kuma aka sa mata hannu a Yunin 2023. Hukumar bunƙasa fasahar zamani ta ƙasa, NITDA, ta samu shugaba ɗan Haɗejia, Kashifu Inuwa Abdullahi, a 2019. Alƙaluman da ma'aikatan lafiya ke tattarawa a asibitocin karkara kuwa, manhajar DHIS2 ta Jami'ar Oslo suke shiga.

Yawancin littattafan darasin da misalan kamfanonin Amurka suka zo, alhali malamin da ke koyarwa a Dutse ko Kafin Hausa yana da misalin da ya fi su wuya a bayan gida. Bayan ambaliyar 2022, a ce za a yi rajistar manoman shinkafa na fadamun Kogin Haɗejia: gona ɗaya ta gado ce tsakanin 'yan'uwa biyar, ɗaya ya ba da aron kasonsa, biyu kuma sunansu ɗaya da na kakansu. Ɗalibin da ya iya tsara jadawalin da ba zai biya mutum ɗaya sau biyu ba, ba zai kuma tsallake maƙwabcinsa ba, ya warware abin da ya gagari littafin malamin haraji.