Matsematsi: mahaɗar ciki da cinya

Matsematsi shi ne lanƙwasar da ke tsakanin ƙasan mara da saman cinya, dama da hagu. Da Faransanci ana kiran wurin aine. Wuri ne ƙarami, amma muhimman hanyoyin jiki sun ratsa ta cikinsa.

Iyakar ciki da cinya wata jijiya ce mai tauri da ta miƙe daga tsinin ƙashin ƙugu zuwa ƙashin mara. Ana kiranta jijiyar Poupart, da sunan wani likitan Faransa da ya bayyana ta. Ta ƙarƙashinta manyan hanyoyin jini biyu suke wucewa, ɗaya tana kai jini ƙafa, ɗaya tana mayar da shi zuciya. Shi ya sa sara ko suka a nan kan zubar da jini mai yawa cikin ƙanƙanin lokaci.

Sama da jijiyar kaɗan akwai wata kafa mai tsawon kimanin santimita 4 a jikin baligi. Ta nan ƴaƴan marainan jariri namiji suke saukowa daga ciki a watannin ƙarshe kafin haihuwa, kuma ta nan igiyar maniyyi take bi. A jikin mace, wata jijiya mai riƙe mahaifa ce ke ratsa ta.

Wannan kafa ita ce raunin bangon ciki. Idan hanji ya turo ta cikinta, sai a ga kumburi, wato ƙaba. An ƙiyasta cewa maza 27 cikin 100 kan gamu da ita a rayuwarsu, mata kuwa 3 cikin 100. Ɗaukar kaya masu nauyi, tari mai daɗewa da yawan nishi wajen bayan gida suna ƙara fito da ita.

A ƙarƙashin fata kuma akwai ƙananan ƙulalai masu tace ƙwayoyin cuta. Su ne ke kumbura su zama kaluluwa idan an yi miki a ƙafa ko ciwo a al'aura. Tsokokin da ke haɗe cinyoyi ma daga nan suka taso, su ne ƴan ƙwallo da ƴan kokowa suke yawan gurɗewa.

Ƙaba ba ta warkewa da jiƙo ko ɗauri a jikin baligi, tiyata ce maganinta. Idan kumburin ya taurare, ya ƙi komawa ciki, ga ciwo mai tsanani da amai, alama ce hanji ya shaƙe. A nan sai a garzaya asibiti nan take, domin hanjin na iya mutuwa cikin ƴan sa'o'i.