Yadda Wuya Ta Haɗa Kan Masu POS

Sana'armu ba ta daɗe ba. A 2013 Babban Bankin Najeriya ya fitar da ƙa'idar da ta ba bankuna damar naɗa wakilai a unguwanni da ƙauyuka, amma a nan Safana da Batsari ba ta kankama ba sai da kamfanonin hada-hadar kuɗi suka fara raba na'ura. Suna da na'ura na kamfani ne. Jari, rumfa, cajin batir da kasada kuwa naka. Kowa shi kaɗai ya sa hannu a takarda, don haka in matsala ta taso shi kaɗai yake kukansa.

Wuya ce ta haɗa mu. A Satumbar 2021, zamanin Gwamna Masari, aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na Katsina saboda 'yan bindiga, har da namu. Na'urori suka kwanta a aljihun tebur wata da watanni, masu ƙaramin jari suka cinye uwar kuɗi. Ba mu gama farfaɗowa ba sai ga canjin kuɗi na farkon 2023. Tsabar kuɗi ta zama haja, muna sayenta a hannun 'yan kasuwa, mu ƙara caji, jama'a su tsine mana. Wasunmu kuma, a faɗi gaskiya, sun zalunci mutane.

A lokacin ne da yawa suka fara jin sunan AMMBAN, ƙungiyar wakilan bankuna ta ƙasa. A 2023 reshenta na Legas ya yanka farashi ɗaya ga kowa, hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC ta ce hakan ya saɓa doka. Ni dai ina bayan hukumar. Tsohuwar da ta zo cire dubu biyar ɗin da ɗanta ya turo ba ita ce abokiyar karawarmu ba.

Aikin ƙungiya yana wani wajen: kuɗin da ya maƙale, an cire wa mutum bai shigo mana ba, yana tsaye a kanka yana huci, masu alat na bogi, ɗauko kuɗi daga Dutsinma da rai a hannu, rajista da hukumar rajistar kamfanoni ta CAC da aka wajabta mana a 2024. Mutum ɗaya in ya kira kamfani, haƙuri za a ba shi. Mutum ɗari in suka aika takarda ɗaya, za a nemi zama da su.

'Yan'uwa masu rumfa a Safana da Batsari, ku zo taro, ku biya kuɗin ƙungiya, ku zaɓi ma'aji mai amana.