Halarto da Sura da Zancen Faira a Tijjaniyyar Ƙasar Hausa

Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da zawiyar Tijjanawa a Dutsin-Ma ko Kurfi lokacin wazifa, ya ga farin ƙyallen da akan shimfiɗa a tsakiyar da'ira in an zo karatun Jauharatul Kamali. Sau 12 ake karanta ta, kuma 'yan ɗariƙa sun yi imani cewa daga ta 7 Annabi (S.A.W.) da halifofinsa huɗu suna halartar majalisin. Littattafan ɗariƙar sun kwaɗaitar da muridi ya halarto da surar shehinsa a zuci yayin wuridi, in ya samu iko kuwa, surar Annabi ta fi.

Al'adar ta girmi Shehu Ibrahim Inyass na Kaulaha (1900-1975), amma shi ya ba ta sabon ƙarfi. A 1929 ya bayyana cewa fairar da Shehu Tijjani ya yi bushara da ita, watau kwararowar falalar Ubangiji, ta sauka a hannunsa. Ya haɗu da Sarkin Kano Abdullahi Bayero a aikin hajjin 1937, daga nan malaman Salga suka karɓi tarbiyyarsa, ta bazu zuwa ƙasar Katsina. Ma'arifar da a da sai tsoho ya sha halwa yake fatar samu, sai ga matasa da mata suna cewa sun ɗanɗana.

A nan tambayar take: ƙoƙarin bawa ne ke jawo falala, ko kyauta ce tsantsa? Masu bautar Bishnu a kudancin Indiya, waɗanda kan bi siffar gunkinsu da zuci tun daga tafin ƙafa har ka, sun rabu biyu a kanta bayan zamanin malaminsu Ramanuja. Na Kancifuram suka ce bawa ɗan biri ne, dole ya riƙe uwarsa. Na Sirirangam suka ce ɗan kyanwa ne, uwar ke ɗaukarsa. Babu alaƙar tarihi tsakaninsu da Tijjanawa, kuma bambancin babba ne, domin Musulmi ba ya suranta Allah. Amma misalin yana haskakawa: a fahimtar faira, riƙon kyanwa ya fi rinjaye, ko da yake ba a ɗauke wa kowa wuridi ba.

Kyamara ta ƙara dagula lissafin. Surar da aka ce a riƙe a zuci ta koma hoto a bangon zaure da gilashin mota, kuma hoton na cikin abubuwan da Izala, wadda aka kafa a Jos a 1978, ta riƙa kafa hujja da su.